Iyawa, Sa'a da Zamani a Tarihin Kasuwar Maraɗi

Mai karatu, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a garin nan namu na Maraɗi. Ko a majalisar dattawan Sabon Gari, ko a tashar mota, ko a teburin mai shayi, da zarar an ambaci sunan wani attajiri sai ka ji baki ya rabu uku. Wani ya ce ƙoƙarinsa ne da kaifin basirarsa suka kai shi inda ya kai. Wani ya ce ina, sa'a ce kurum, ai sa'a ta fi sammako. Na uku kuwa ya ce ku bar wannan zance, zamani ne ya yi da shi, da yau ya fara da ko jaki ba zai saya ba.

Kada ka ɗauki gardamar nan hirar banza. Amsar da mutum ya riƙe a zuciyarsa ita ke gaya masa yadda zai dubi kansa ran da ya faɗi, da yadda zai dubi ɗan'uwansa da bai samu ba, da abin da zai hori ɗansa da shi. Wanda ya gaskata ƙoƙari ne kaɗai, to, kowane matalauci rago ne a wurinsa. Wanda ya gaskata sa'a ce kaɗai, sai ya naɗe hannu yana jiran rabo ya zo ya yi masa sallama.

Mu ɗauki misali da kokawa, tun da ita kowa ya sani. A shekarar 1975 aka yi gasar takobin ƙasa ta farko a Tawa, kuma ɗan jihar nan, Yakuba Kantu, shi ya ɗauko takobin. Shi ya sa filin kokawa na Maraɗi ke amsa sunansa. Ba mai musun ƙarfin Kantu ko sanin dabarunsa. Amma ka tuna, kafin 1975 an yi gwanayen 'yan kokawa a ƙauyukan Katsina da Gobir, suka tsufa suka mutu, sunansu bai wuce kasuwa uku ba, domin a zamaninsu babu takobi, babu rediyon da zai kai labarinsu Yamai. Sa'an nan ko a cikin fili, ƙuri'a ke haɗa mutum da abokin karawarsa, kuma santsin ƙafa sau ɗaya ya isa ya ɓata shirin shekara guda. Watau zamani ne ke share fili, sa'a ta haɗa ka da wanda za ka kama, daga nan iyawarka ta yi aikinta.

To, akwai wata kokawa da ta fi wannan tsawo, wadda aka fi shekara 100 ana yi. Ita ce kokawar garuruwa da 'yan kasuwa a kan wanda zai riƙe cinikin wannan yanki. Maraɗi ce ta yi kaye. Bari mu bi tarihin daki-daki, mu ga yadda aka yi.

GARIN YAƘI

Ba don ciniki aka kafa sarautar Maraɗi ba. A 1807 mayaƙan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin Katsina, gidan sarautar da ke can ya watse, waɗanda suka tsira suka nufi Damagaram. Wajen 1819 mutanen kwarin Gulbi suka yi wa Mani, wakilin sababbin masu mulki, tawaye, suka kira Ɗan Kasawa ya zo ya zauna Maraɗi. Dalilin ke nan da har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkinmu. Gobirawa su ma haka ta same su. An ci birninsu Alƙalawa a 1808, sa'an nan a 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rinjaye su tare da Katsinawan Maraɗi a yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama. Gobirawan da suka rage suka zo suka kafa Tsibiri, 'yar tafiya kaɗan daga Maraɗi.

Garuruwan nan biyu sun zaɓi kwari ne saboda duhuwar itatuwa, wadda ke hana dawakin abokan gaba sukuwa. Gasar da aka sani a lokacin ta doki ce da mashi, wanda ya yi suna kuwa irin su Sarki Ɗan Baskore ne, mai yawan kai hari ƙasar Katsina da Zamfara. Manyan ayarin fatake da ke tashi daga Kano zuwa Agadas da Tarabulus ta Damagaram ko ta Tasawa suke bi. Da Bature matafiyi Barth ya gangaro daga Azbin a farkon 1851, Tasawa ya sauka, ya bi ta Gazawa ya shiga Katsina. Abokin tafiyarsa Overweg ne ya ratse ya zo ya ga Maraɗi da Gobir. Daɗin daɗawa, a ƙarshen ƙarnin rikicin cikin gida ya raunana garin, Ƙaura Hasau ya fi sarki ƙarfi, har Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa.

Saboda haka da a ce a 1900 ka tari wani madugu ka tambaye shi garin da zai riƙe cinikin ƙasar nan gaba, Damagaram zai ce maka, ko kuwa Tasawa. In ka ce Maraɗi, dariya zai yi maka.

LAYIN DA AKA JA A TAKARDA

Abin da ya juya al'amarin ba a Maraɗi aka yi shi ba. A 1898 Ingila da Faransa suka raba ƙasashen nan a takarda, kuma bisa wannan rabo Maraɗi da Tsibiri a hannun Ingilishi suka faɗa. Amma da Faransawa suka gwada bin hanyar da aka bar musu daga Kogin Kwara zuwa Damagaram, sai suka tarar daji ne mai ƙarancin rijiyoyi, ayari ba ya ratsa shi sai da wahala. Suka yi ta neman a sāke. A 1904 ƙasashen biyu suka zauna suka kashe rigingimun da ke tsakaninsu a sassan duniya. Faransa ta saki wani tsohon haƙƙi da masuntanta ke da shi a gaɓar tsibirin Niyufanlan, can gefen Kanada. Cikin abubuwan da aka ba ta a madadi har da tura iyakar nan kudu. Aka ƙara gyara layin a 1906, daga nan har 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamu.

Dubi wannan abin mamaki, mai karatu. Kifin da kakanninmu ba su taɓa gani ba, a tekun da ba su taɓa jin sunanta ba, yana cikin abin da ya raba Maraɗi da uwarta Katsina, ya bar iyaka kimanin kilomita 50 kudu da mu. A lokacin abin baƙin ciki ne, domin dangi aka raba. Ba wanda ya san iyakar nan ita za ta zama gonar jikoki.

Ana nan kuma sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Kayan da raƙumi ke kwashe watanni yana kai wa Tarabulus, jirgi ya riƙa kai su bakin teku a 'yan kwanaki. Fataucin hamada ya durƙushe, ciniki ya juya fuska kudu, garin da ke kusa da kan dogo ya fi wanda ke bakin hamada daraja. A 1926 aka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram aka kai Yamai. A 1927 babban kumandan ya tashi daga Tasawa ya dawo Maraɗi. A 1929 wani reshen dogo ya iso Ƙauran Namoda. Cikin duk waɗannan babu ɗaya da Bamaraɗe ya shawarta ko ya ƙulla. Zamani ne ya share masa fili.

GYAƊA DA ARZIKIN MUTANE

Filin da aka share kuwa na gyaɗa ne. Jigawar ƙasar nan tana karɓar gyaɗa, masana'antun mai na Turai suna neman ta, ga kuma haraji da Bature ya ce da kuɗi za a biya. Manomi bai da zaɓi sai ya shuka abin da zai kawo masa kuɗi. Daga shekarun 1920 zuwa 1930 manyan kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA da CNF suka buɗe kantuna a Maraɗi, Kwarori 'yan Labanan da Siriya suka biyo bayansu. Da kaka ta yi sai a buɗe cinikin gyaɗa, motoci su yi ta kwasa zuwa Kano, daga 1953 kuma aka ƙara da hanyar Paraku da Kotonu.

Amma Baturen kanti bai san ƙauye ba, bai san wanda ke cika alkawari ba. Dole ya nemi ɗan ƙasa, ya ba shi kuɗi tun kafin kaya, shi kuma ya rarraba wa yaransa su bazu kasuwannin ƙauye su sayo. A nan ne iyawa ta nuna kanta, kuma ba ƙaramar iyawa ba ce. Sai mutum ya san gyaɗa mai kyau da ganin ido da jin nauyinta a tafin hannu. Sai ya riƙe lissafin mutum ashirin a ka, bai haɗa na wani da na wani ba. Sai ya san abin da buhu ya kwana a Kano, ya kuma iya juya sulen Ingilishi zuwa kuɗin Faransa kafin a ƙifta ido. Gaba da duka, sai ya zama mai amana, domin duk sana'ar a kan bashi take tsaye, ba takarda, ba sa hannu. Wanda ya ci kuɗin kanti sau ɗaya ya gama cin rabonsa.

Daga nan aka sami tsarin ubangida da bara. Yaro ya shiga gidan ɗan kasuwa, ya yi shekaru yana ɗaukar kaya, yana tsaron shago, ana aikensa nesa da kuɗi a ga halinsa. In ya cika amana, ubangida ya yi masa aure, ya ba shi jari, ya sallame shi, amma zumunci bai yanke ba. Da haka babban ɗan kasuwa ke samun ido da kunne a Jibiya da Katsina da Kano da kowace kasuwar ƙauye. Wannan shi ake kira arzikin mutane. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, wanda ya fitar da littafi a kan alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna cewa arzikin mutane shi ne gindin arzikin kuɗi a garin nan. Dattawanmu sun riga shi sani.

In kana son ganin yadda shiri ke gamuwa da zamani, dubi Alhasan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu a 1955. Fataucin goro zuwa Gwanja ya fara yi, a can ya koyi lissafi, ya tara yara da abokan hulɗa. Da gyaɗa ta tashi, kamfanin Turawa na neman wanda zai saya masa da yawa, sai aka tarar da shi a shirye. Ba shi ya kawo jirgi Kano ba, amma jirgin bai same shi yana barci ba.

Duk da haka kada mu manta da ƙuri'a. Yara nawa ne masu kaifin kai da riƙon amana a ƙauyukan Gulbi waɗanda ba su taɓa gamuwa da ubangida ba? Wani an haife shi gidan fatake, ya tashi yana jin zancen riba da faɗuwa tun yana goye. Wani ya raba kuɗin kanti ga manoma, damina ta ƙi, bashi ya danne shi ba da laifinsa ba. Wani motarsa guda, ta kife da kaya a hanyar Kano. Waɗannan ba a yi musu kirari, shi ya sa muke zaton ba a yi su ba.

RUWAN 1945

Tsohuwar Maraɗi a kwari take, lunguna ƙanana, gidaje a cushe. A daminar 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya cinye yawancin garin. Hukuma ta sa aka tashi aka hau tudu, aka yanka sabon gari da tituna masu faɗi, miƙaƙƙu. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Limanci da Maradawa suka hau da sunayensu. Da baƙi suka yi ta kwararowa neman abinci, gari ya cika ya batse, sai aka yanka Sabon Gari, daga baya wasu unguwannin suka biyo.

Ga wanda rumbunsa ya tafi da ruwa, wannan masifa ce tsantsa. Amma ga garin, Hausawa sun ce wani hani ga Allah baiwa ne. Maraɗi ta sami kasuwa mai fili, da hanyoyin da babbar mota ke shiga ta juya, da wurin gina ɗakunan ajiya, daidai lokacin da yaƙin duniya na biyu ya ƙare, Turai na yunwar mai. Har wa yau a cikin wannan alheri akwai ƙuri'a. Wanda filinsa ya faɗo kusa da kasuwa ko bakin babbar hanya, 'ya'yansa sun gaji shaguna. Wanda nasa ya faɗa can ciki, sun gaji ɗakin kwana.

DA MIYA TA ƘARE

Nijar ta sami mulkin kai a 1960. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA ta riƙe fitar da gyaɗa waje, da COPRO-Nijar mai shigo da kayan masarufi, da UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma. Kamfanonin Turawa suka fara ja da baya, 'yan ƙasa suka sami izinin saye da rancen banki. A shekarun nan gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da ƙasa ke samu daga kayan da take sayarwa waje. Ba kuwa ɓoyayyen abu ba ne cewa wanda ke da kusanci da masu mulki ya fi saurin samun takarda. Wannan ma wani irin zamani ne.

Daga 1966 kuma aka fara bar wa ƙungiyoyin manoma kasuwannin gyaɗa su gudanar da kansu. Manoma suka koyi karanta sikeli da rubuta nauyi da kuɗi da Hausa. Ɗan tsakiyar da duk gwanintarsa ita ce shi kaɗai ya san abin da sikeli ya ce, sai ya wayi gari gwanintar ba ta sayen komai. Ka ga ashe zamani har zaɓen irin iyawar da za ta ci kasuwa yake yi.

Sa'an nan sai gwaji babba ya zo. Fari ya kama ƙasar daga 1968, ya tsananta a 1973. A 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta faɗa wa gyaɗa a nan da arewacin Nijeriya, ta tsumbure ta ƙi 'ya'ya. Manoma suka koma gero da wake, cinikin gyaɗa ya mutu a tsaye. An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. 'Yan kasuwar da gyaɗa kaɗai suka sani, da yawansu tare da ita suka kwanta. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka lura tun da wuri cewa akwai wata gona, watau iyaka.

Ga yadda abin yake. A lokacin yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, Nijeriya ta ƙuntata shigo da kaya daga waje, ta tsaurara sha'anin canjin kuɗi. Bayan yaƙin kuɗin man fetur ya cika hannun mutanenta, amma gwamnati ta ci gaba da hana shigo da wasu kaya ko ɗora musu kuɗin fito mai nauyi, don ta kare masana'antunta. Nan kuwa sefa na da gindi a kuɗin Faransa, ana iya sayen kaya da ita ko'ina a duniya. Alhazan Maraɗi suka riƙa sayo taba sigari da atamfa da shadda, a sauke a Kotonu, a hau da su ta Paraku da Gaya har Maraɗi, abokan cinikinsu na Katsina da Kano su zo su ɗauka su san yadda za su ƙetare da su. Dabbobi da wake su gangara kudu, hatsi da man fetur da takin zamani su hauro arewa. Doka biyu, kuɗi biyu, harshe ɗaya, dangi ɗaya. Arzikin mutanen da aka tara a zamanin gyaɗa shi ya ɗauki wannan sabon kaya. Wasu kuma suka zuba kuɗinsu a manyan motoci, wasu suka kama kwangilar gine-ginen gwamnati sa'ad da kuɗin yuraniyom, wanda aka fara haƙowa a Arlit a 1971, ya shigo. Garin da ƙidayar 1977 ta samu da mutum kimanin 45,000, ƙidayar 2012 ta tarar ya haura 267,000.

Gaskiya ɗaya ce, sai an faɗe ta. Ba duk ribar shekarun nan ce mai tsabta ba. Akwai waɗanda suka sayi hatsi da kaka suka kulle, sai da yunwa ta kai wa talaka wuya suka buɗe. Wannan ma wayo ne, amma ba irin wanda za ka so ɗanka ya gada ba.

IYAKA MAI BAYARWA, MAI KARƁEWA

Wanda ya dogara da iyaka ya dogara da abin da ba shi ke riƙe da makullinsa ba. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sāke takardun naira, ta ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba, ta kuma rufe iyakoki. Duk wanda ya kwana da tarin tsohuwar naira a wannan ɓangare, in bai sami hanyar ƙetarawa da ita ba, ya tashi da takardar banza. Shekarar kuma ta zo da fari, hatsin kudu ya daina haurowa, shi ya sa mutanenmu suka sa wa yunwar suna El-Buhari. Ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 1986. A watan Satumba na wannan shekara aka karya darajar naira, kayan Nijeriya suka yi araha suka cika kasuwanninmu, ƙananan masana'antun Maraɗi da dama suka kasa gasa da su.

A watan Janairu na 1994 sai ga namu: aka raba darajar sefa biyu a dare ɗaya. Mai kaya a ɗaki ya wayi gari da riba, mai bashin kuɗin waje ya wayi gari bashinsa ya ninka. Tsakanin mutum biyun nan wa ya fi wani wayo? Babu. Nijeriya ta sāke rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sāke rufewa har Maris 2024, hanyar Kotonu ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. A kowane karo wasu gidaje sun rushe, wasu sun tsaya. In ka bincika waɗanda suka tsaya, galibi za ka tarar ba su zuba dukiyarsu a tukunya ɗaya ba, kuma suna da mutanen da za su ɗage musu bashi har ƙura ta lafa.

WAƊANDA BA A SHARE WA FILI BA

Tarihi ya cika son mai nasara, amma mu leƙa gefen fili. Tsibiri ba ta kasa Maraɗi jarumta ko asali ba, har yau can Sarkin Gobir yake. Sai dai bariki da kantuna a Maraɗi aka kafa su, kusancin da ya taimaki garuruwan biyu a zamanin yaƙi shi ya sa ɗaya ta shiga inuwar ɗaya a zamanin ciniki.

Dubi Jiratawa kuma. A farkon shekarun 1980 aka gyara mata fadama mai kimanin eka 500 ta awon hekta, aka haƙa rijiyoyin burtsatse masu injin lantarki. Manoman can suka gwanance da noman rani, zogalensu da tumatir da tattasai suka yi suna. Ƙwazonsu ne, ba shakka. Amma manomin da ke kan tudu, tafiyar sa'a guda daga wurin, bai fi su lalaci ba, ruwa ne ba a kai masa ba. Su kansu mutanen kwari, da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, sun ga Gulbi ya sāke hali ba da shawararsu ba.

Ga kuma mata. Matar da ke sayen tiyar gyaɗa, ta soya, ta matse mai, ta toya ƙuli-ƙuli, ta aiki yarinya talla, ta fitar da uwar kuɗi da riba da zubin adashi duk a ka, wane lissafi ne alhaji ya fi ta? Abin da ya fi ta shi ne an ba shi rance, an ba shi izini, an bar shi ya yi tafiya. A 2005, sa'ad da yunwa ta yi wa yara ƙanana mummunar ɓarna a jihar nan, hatsi na nan jibge a kasuwannin Maraɗi, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Wanda ya ce iyayen yaran nan ragwaye ne bai taɓa riƙe hauya ba.

ABIN DA KE HANNUNKA

To, mai karatu, wa ya yi gaskiya cikin masu gardamar nan uku? Kowa ya riƙe ƙafa ɗaya ta murhu, tukunya kuwa ba ta zama sai a kan uku. Amma tarihin nan ya nuna mana ba aikinsu ɗaya ba. Iyaka da dogo da ambaliya da canjin kuɗi sun zo wa kowa, ba su tambayi halin kowa ba. Sa'a ta zaɓi wasu ta ba su ubangida, ko fili a bakin hanya. Iyawa ita ce ta raba waɗanda suka ci shekara biyar da waɗanda suka ci hamsin, domin sa'a na iya ɗora mutum a kan doki, amma ba ta riƙe masa linzami.

Saboda haka in ka samu, ka tuna da masuntan Niyufanlan da ruwan 1945, ka sassauta wa wanda bai samu ba, ka kuma zama sa'ar wani yaro kamar yadda wani ya zama taka. In kuwa ka faɗi, ka zauna ka rarrabe abin da ya zo daga hannunka da abin da ya zo daga sama, ka gyara na farko, kada ka kashe kanka da baƙin cikin na biyu. Mu kuma jama'a, in mun ga gwani ba shi da fili, mu san asarar ta gari ce duka.

A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa mai kilomita 284 daga Kano, ta Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi. Ga alama wani sabon fili ake sharewa, kuma iyawar da zai nema ba lalle ta zama irin ta zamanin gyaɗa ba. Lissafin ka ba zai wadatar ba inda ake neman takardar duwan da rasit da saƙon waya. Amana kuwa ba ta tsufa. Ba ka da iko a kan ranar da za a buga ganga, amma kana da iko a kan ko za ta same ka da ɗamara. Allah ya ba mu sa'a, ya sa kuma ta same mu a shirye, amin.